Sisin da Ba a Huda Ba

Ciwon tara sisin gwal ya kama ni ne a shekarar da aka yi canjin kuɗi, aka sallami fam da sule aka kawo naira. Lokacin ni malamin gona ne a Kazaure. Aikina bin ƙauyuka, in tara mutanen da suka girmi ubana in koya musu shukar gyaɗa, su ce "to, Malam, mun gode," in na juya baya su yi yadda suka saba. Da maganar canji ta bazu, tsofaffin mata suka ruɗe, kowacce ta tono abin da ta binne a ƙarƙashin gado. Duk gidan da na tsaya shan ruwa sai an miƙo mini ƙullin tsumma: "Malam, duba mana, wannan ma ya mutu?" Yawanci anini ne da kwabo mai huji, duk sun yi tsatsa. Ran nan a Roni wata tsohuwa ta kwance nata, sai wani ɗan abu ya faɗo tafin hannuna, bai kai sule faɗi ba, amma da nauyin da ya ba ni mamaki. Na ce, "Iya, wannan ba ya mutuwa. Mayar da abinki ki ɓoye." Ta mayar ta ƙulle, ni kuwa na yini ina jin nauyinsa a tafina.

Ga wanda bai sani ba, sisin gwal kuɗi ne na zinariya, bugun Turawan da. Fatake da alhazan da suka je a ƙafa su suka riƙa shigo da shi, manyanmu kuma suka mayar da shi abin sadaki. Ban san yana da iri-iri ba sai da na faɗa hannun wani tsohon Balarabe mai kanti a Kano, shi ya ƙarasa lalata ni. Ya sayar mini da gilashin ƙara girma, irin wanda ake maƙalawa a ido ɗaya. Ya koya mini cewa ba a kama sisi ta fuska sai ta gefe, ba a wanke shi da toka ko tsamiya, ba a gwada shi da haƙori. Ya ce zancen nauyi na maƙera ne. Mai tarawa abu biyu yake tambaya: irin wannan yana da wuyar samu, kuma hannu nawa ya bi kafin ya zo naka.

Da aka yi mana ƙarin albashin nan da ya haukata ma'aikata, abokaina suka sayi rediyo mai kaset da fanka. Ni na sayi babur na shiga farauta. Na raɗa wa kowane iri suna, don sunayen Balaraben ba sa zama a bakina. Akwai mai doki, shi ne gama-gari, duk tsohuwa mai rufin asiri tana da ɗaya. A ɗaya fuskar za ka ga mai sanƙo, ko mai gemu, ko tsohuwa mai lulluɓi da ta ɗaure fuska kamar an taka mata shanya. Akwai kuma mai zakara, na Faransa, wanda sai na je Babura ranar kasuwa na tsuguna wajen 'yan canjin sefa, in yi ta shan shayi ina zuba hira har wani baƙo daga Nijar ya ga dama ya ciro shi daga aljihun ciki.

Lafiyarsu ma na kasa ta gida-gida. Wanda gashin kan sarkin ya fito sili-sili, haƙoran gefensa ba ko ɗaya da ya dakushe, na ce masa ɗanye. Wanda ya ɗan dushe, ya ga duniya. Wanda fuskar ta shafe har ba ka gane sarki ne ko sarauniya, ya sha wuya. Wanda aka huda kuwa gawa nake ce masa, kuma wallahi gawarwaki sun fi yawa! Mutanenmu ba sa ganin abu mai kyau su ƙyale shi, sai sun huda sun zura zare sun rataya. Sau nawa ina ganin wanda nake nema ido rufe yana lilo a wuyan mai tallan nono, da ƙaton huji a tsakiyar goshin sarauniya! Na yi faɗa a Roni, na yi a Babura, a kasuwar Gwiwa har na tsaya a kan wani maƙerin zinariya ina yi masa wa'azi, basilla a hannunsa. Daga nan 'yan kasuwa suka raɗa mini Malam Kada-a-huda. In na wuce a babur sai in ji an ɗaga murya, "Malam, an huda!" Ni kuma, da yake ba ni da wayo, sai na taka burki na mayar da magana.

Amma akwai ɗaya da ya hana ni sakat. Mai garkuwa nake ce masa: sarauniya tana budurwa, gashinta a ɗaure ta baya, a bayan sisin kuma ba doki, garkuwa ce. Duk yawona sau biyu na gan shi, duka gawa. Balaraben ya ce ranar da na kawo masa ɗanyensa zai tashi tsaye ya gaishe ni.

Matata 'yar kawuna ce, gida ɗaya muka fito. Ita kallon mai taɓin hankali take yi mini, amma tana haƙuri. Wata rana na dawo daga Babura hannu wofi, ina ta mita, sai ta ce, "Kana ta ƙona mai a banza. Ga Goggo can da nata a batta, ko rana bai taɓa gani ba. Kuma na ji an ce nata ba doki a jikinsa."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Af! Ni da bakina."

Goggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Gwiwa, inda danginmu suka gaji da tashi da shanu suka kafa gida suka kama fartanya. Ita ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, aka ɗauke ni aka ba ta, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta, da muke ce wa Baffa, ya daɗe da rasuwa. Doguwa ce siririya, bakinta kamar reza. Tun da aka sa ni makaranta take kirana ɗan boko, har na yi gemu ba ta canja ba.

Washegari da hantsi na dira ƙofar gidanta da goro da sabulu da kwalin sukari. Ta dubi kayan ta dube ni.

"Ɗan boko, wannan kaya haka? Ko dai ka yi laifi, ko kana shirin yi."

Ta dama mini fura. Ludayi biyu na yi na ajiye, ni da nake shanye ƙwarya in lashe ludayin.

"Goggo, an ce kina da sisin gwal."

"An ce. Wa ya ce?"

"Gani kawai zan yi."

"Gani kawai! Haka ka ce ranar da na bar ka da ƙwaryar kindirmo."

Sai da ta gama wana ni, sannan ta shiga ɗaki. Na ji tana sauke ƙorai ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da wata 'yar battar fata da ta yi baƙi don tsufa, ta buɗe, ga auduga ta koma ruwan ƙasa. Ta warware ta ɗora mini a hannu.

Na maƙala gilashi a ido. Ga garkuwa. Na juya, ga yarinya, gashinta sili-sili har ana iya bin kowane da ido. Haƙoran gefe cas, ba ko ƙwarzane. Ƙyallin ranar da aka buga shi yana nan bai tafi ba. Ɗanye shakaf! Bakina ya ɓalle, kuma da ma ya tsaya a rufe.

"Goggo! Kin san abin da kike ajiye da shi kuwa? Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi da ba a huda shi ba! Wallahi Allah ya yi miki gata. Duk matan danginmu sun lalata nasu, ke kaɗai kika tsira. Allah ya sa har abada kada a sami dalilin huda shi. Ki ce amin mana, Goggo!"

Ba ta ce amin ba. Ni kuwa ido ɗaya a gilashi, ɗaya a rufe, ina zan ga fuskarta? Na ci gaba da zuba. Na ce zan ba ta mai doki biyu a madadinsa, in ɗora mata karsana, in yi mata rufin kwano kafin damina ta kankama. Sai na ji yatsunta a tafina. Ta ɗauke abinta, ta kama shi ta fuska da yatsu biyar har sai da na ji a haƙorina, ta naɗe a auduga ta rufe batta.

Ta ce, "Hadari yana haɗuwa. Kama hanya."

Na ɗaga kai, sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Na yi dariya a raina, na ce tsohuwa tana jan aji ne don in ƙara mata karsana ta biyu. Har waƙa na riƙa yi a babur.

Na tarar da matata tana tuƙa tuwo. Na tsaya a kanta na ba ta labari tiryan-tiryan, har da addu'ar da na yi. Muciyar ta tsaya cak.

"Inna lillahi! Me ka ce mata? Maimaita."

Na maimaita, da alfaharina.

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta ciro nata sisin, mai doki ne, hudajje, wanda kullum nake yi mata gorin ta mayar da shi gawa. Ta ce, "Wannan yaushe aka huda shi?"

Na ce, "Ai ranar sunan…" Sai a lokacin na tuna.

A zuri'armu ba a huda sisin sadaki ranar aure. Ajiye shi ake yi sai ranar sunan ɗan fari, a kira maƙeri ya huda, mai jego ta rataya, mata su yi guɗa. Na san wannan. Ni da kaina na je na kira maƙerin da ya huda na matata, tun kafin wannan ciwo ya kama ni. Shekara arba'in da wani abu Goggo tana ajiye da nata cikin auduga, ba don ta san darajar ɗanye ba, sai don ranar ba ta zo ba. Ni kuma, wanda ta goya a bayanta, na zauna a tabarmarta na sha furarta, na gode wa Allah da bai ba ta ɗa ba, har na nemi ta ce amin.

Matata ta ce, "Tir da wannan gilashi naka. Yana ƙara girman abu, yana rage maka gani." Ranar ban ci tuwon ba, ita ma ba ta ce in ci ba.

Mako biyu na kasa zuwa. Na ba wani direban motar Gwiwa turmin atamfa ya kai mata. Ya dawo mini da shi a naɗe yadda na ba shi, da saƙo: a ce wa malamin gona an gode. Malamin gona! Da zagina ta aiko da ya fi mini sauƙi. Kuma bari in faɗi gaskiya, tunda na tsufa ba abin da zan ɓoye: duk da wannan kunya, in na rufe ido gashin yarinyar nan nake gani. Rabin zuciyata yana neman hanyar da zan shirya da Goggo, rabi yana neman hanyar da sisin zai zo hannuna lafiya lau. Na yi ta juya abin, ban ga hanyar da za ta ba ni duka biyun ba.

Ranar kasuwar Gwiwa na tashi tun da safe, ban ɗauki ko goro ba. Na same ta tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar tana amsa wa baƙo.

Na ce, "Goggo, ɗauko mayafinki da battar nan."

"Ba na sayarwa ba ne, Malam."

"Ba sayarwa za mu ba. Wajen maƙeri za mu, a huda shi."

Ta ajiye faifan. Idonta ya kaɗa. "Wancan karo bai ishe ka ba, sai ka dawo ka ƙara? Ka san ranar da ake hudawa. Ni wa na haifa?"

Na ce, "To, Goggo, faɗi sunana."

"Me?"

"Sunana na yanka. Faɗe shi in ji."

"Kai, tashi ka ba ni wuri! Marar kunya."

"Kina kiran sunan yayyena, kina kiran na ƙannena, har na matata kina kira. Ni tun da na buɗi ido ban taɓa jin nawa a bakinki ba. Ko ranar da na faɗa rijiyar bayan gida, 'wannan yaro' kika riƙa kururuwa. A wurinmu wace mace ce take kunyar sunan yaro, in ba ɗanta na fari ba?"

Ta kau da kai tana kallon katanga.

Na ce, "An yi sunan shekara talatin da ɗaya ke nan. Mu ne muka makara."

Kaji suka zo suka fara tsattsagar waken, ba ta kore su ba. Can ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji ƙorai suna sauka. Ta fito da mayafinta na zuwa biki, ta ce, "In ka kayar da ni a wannan jakin ƙarfen naka, ban yafe ba, ɗan boko."

Ba ta taɓa hawa babur ba. Ta zauna a karkace, hannu ɗaya ya damƙe batta, ɗaya ya damƙe wuyan rigata har ina tari. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta ɗora da zagi. Ni kuwa daɗi nake ji, don zagin na gida ne.

Maƙerin zinariya ɗaya ne a kasuwar, kuma shi ne wanda na taɓa yi wa wa'azi. Yana hango ni ya ɓoye basillarsa a bayansa. "A'a, ranka ya daɗe! Malam Kada-a-huda da kansa! Wallahi yau ban huda komai ba."

Na ce, "Yau za ka huda."

Ya gaishe da Goggo, ya shimfiɗa mata buzu. Da ta warware audugar ya ga abin da ke ciki, sai ya miƙa hannu ya karɓa. Ya juya shi a hankali, ta gefe, ashe wa'azina bai faɗi ƙasa banza ba. Maƙwabtansa na rumfa suka fara matsowa, don labari ya zaga cewa Malam ya kawo huji da ƙafarsa.

Maƙerin ya rage murya ya ce, "Malam, akwai dabara. In yi masa zobe in kewaye shi, in sa wa zoben kunne. Inna ta rataya abinta, sisi kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba. Haka matan birni suke yi yanzu."

Kai! Ga hanyar da na yi mako biyu ina nema, an miƙo mini ita a faranti. Na waiwayi Goggo. Tana kallon yatsun ƙafarta. Ta bar mini zaɓi, kuma na san halinta: in na ce a yi zobe za ta karɓa ta rataya, ba za ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma na matata huda shi aka yi, na kakata ma huda shi aka yi. Ban taɓa jin an yi wa zobe guɗa ba.

Na ce, "Huda."

"Malam?"

"Na ce huda! Kurma ne kai?" Ya ɗauko basilla, sai na riƙe masa hannu. "Amma daga can sama. Kada ka taɓa wa sarauniya gashi."

Rumfar ta fashe da dariya. Goggo ma sai da ta ja mayafi ta rufe baki.

Ya ɗora sisin a kan wani guntun katako, ya saita basilla, ya ɗaga 'yar gudumarsa. Na so in rufe ido, na ce a'a, ni na jawo, sai na gani. Bugu uku ya yi. A na uku basillar ta leƙo ta baya, ta gefen garkuwa. Ya goge bakin hujin, ya hura, ya ɗaga shi sama, rana ta ratsa ta ciki. Mai garkuwa ɗanye ɗaya tak da na taɓa gani a rayuwata ya tafi ke nan, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji zafi ba. Na ji.

Mai koli na kusa ya yanko baƙin zare ya ce kyauta ne. Goggo ta zura, ta kai wuya za ta ɗaura, yatsunta suka ƙi. Sau uku tana gwadawa zaren yana kuɓucewa. Wata mai tallan nono, 'yar danginmu ce, ta sauke ƙwaryarta ta zo ta ɗaura mata. Da ta ga abin da ta ɗaura, sai ta dafe ƙirji, ta dube ni, ta dubi Goggo, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce me, sauran masu nono sun taso sun kewaye mu, guɗa ta ko'ina, masu hatsi suna miƙa wuya suna tambayar auren wa ake yi.

Wata tsohuwa sa'ar Goggo, abokiyar wasanta tun suna 'yan mata, ta kutso ta kama sisin tana juyawa. Ta ce, "Ke kuma! Haihuwa aka yi ba mu ji ba?"

Goggo ta gyara mayafi, ta juya mini ƙeya yadda ba za mu haɗa ido ba. Ta ce, "An yi. Namiji ne. Sai dai ba shi da hankali."

Na sunkuyar da kai na nufi babur, na yi ta buga shi yana ƙin tashi. Sai da maƙerin ya taso ya dafa kafaɗata, ya ce, "Malam, share idonka tukuna. Ba ka murɗa makullin ba."